Alobera da na saya a bakin titi: abin da na gani cikin wata shida

A ƙarshen watan Yuli na saye ta, damina ta zauna sosai, a wajen masu sayar da furanni da ke jere a bakin titi a nan Kaduna. Abin da ya kai ni kuwa 'yata ce da ta fara koyon girki, kusan kowane mako sai mai ya fallatso mata ko ta taɓa murfin tukunya da zafi. Na daɗe ina jin ana cewa ruwan cikin ganyen alobera yana sanyaya ƙaramar ƙuna, sai na ga gara in ajiye tawa a gida da in riƙa sayen ganye ɗai-ɗai.

Naira dubu biyu na biya. Tana cikin baƙar leda irin ta reno, ganye bakwai, kowanne ya cika ya yi ɓul-ɓul, da 'yan ɗigo-ɗigon fari a jikinsu. A ido dai babu abin kushewa. Na tambayi mai sayarwar yadda ake kula da ita, ya ce, "Hajiya, wannan ba ta da wahala, ruwa kawai za ki riƙa ba ta safe da yamma." Wannan magana ita ta kusa kashe mini ita, kuma saboda ita ce na zauna rubuta wannan sharhi.

Da na dawo gida ban cire ta daga ledar ba. Na saka ta yadda take a cikin wata tukunyar roba ta ado wadda ba ta da huji a ƙasa, na ajiye a baranda inda feshin ruwan sama ke kaiwa. Ga ruwan Agusta, ga nawa safe da yamma. Mako uku ba su cika ba ganyen ƙasa suka fara yin rawaya, suka yi laushi, in ka danna sai yatsa ya lotsa kamar tumatirin da ya kwana biyu. Na ɗauka ƙishi take ji, na ƙara mata ruwa. Ranar da hankalina ya tashi ita ce ranar da na taɓa ta na ji duk tana girgiɗi kamar haƙorin da zai fita, ga wani wari na ruɓa yana tasowa daga gindin.

Allah Ya taimake ni a makon Gwaggona ta zo daga Zariya. Tana ganin ta ta ce ai wannan 'yar'uwar zabuwa ce, wadda suke gani a daji tun suna yara, mai zanen jiki irin na zabo. Ta cusa yatsa a ƙasar, ta zaro shi da caɓi. Ta ce, "'Yar nan, duk tsiron da ya tara ruwansa a ganye ba ya son a jiƙa masa saiwa. Yage ledar nan mu gani."

Abin da muka tarar ya sa na ji ba daɗi. Ƙasar baƙa ce mai danƙo haɗe da taki, ta riƙe ruwa kamar soso. Fiye da rabin saiwar ta yi baƙi ta ruɓe, in ka ja sai ɓawon ya saɓule ya bar wani siririn zare. Waɗanda suka tsira guda huɗu ne ko biyar, masu tauri, launinsu fari-fari da ɗan rawaya. Da sabuwar reza na yanke duk ruɓaɓɓun, na cire ganye uku da suka lalace, na karkaɗe tsohuwar ƙasar baki ɗaya. Gwaggo ta hana ni mayar da ita nan take, ta ce a bar ta a inuwa miki ya bushe. Kwana uku tana kwance a kan faifai, babu ƙasa babu ruwa, ni kuwa ina ta leƙawa ina tsoron kada ta ƙarasa mutuwa. Ko yaushi ba ta yi ba.

Sabon mazauninta tukunyar ƙasa ce irin tamu, na sa aka huda mata gindi. Tukunyar ƙasa tana tsotse danshi ta jikinta, abin da roba ba ta yi. Na haɗa yashin rafi mai tsakuwa kashi biyu, ƙasar lambu kashi ɗaya, na marmasa gawayi kaɗan a ciki. Ban binne wuyanta ba, saiwar kaɗai ta shiga ƙasa, na tokare ta da duwatsu biyu don kada ta faɗi. Sai da ta yi mako guda cur kafin ta ga ɗigon ruwa.

Daga baya na karanta na gane dalili. Asalin alobera daga yankin Larabawa take, ƙasar duwatsu da fari. Abin nan mai santsi da ke cikin ganyenta kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne, wato randarta tana jikinta. Har numfashinta daban ne: da dare take buɗe 'yan ƙofofin ganyenta, da rana ta rufe don kada zafi ya ƙafar da ruwan. Tsiro irin wannan in saiwarsa ta zauna cikin laka, iska ba ta kai mata, sai ruɓa.

Matsala ta biyu ta zo a Oktoba, kuma wannan daga wajena take. Da na ga ta fara sabon toho a tsakiya, sai na ɗauke ta daga baranda na kai ta tsakar gida inda rana ke dukan siminti tun hantsi har la'asar. Cikin kwana biyar koren ya gushe, ta koma ja-ja, ƙasa-ƙasa, bakin ganyen ya ƙeƙashe. Na zaci ruɓar ce ta dawo. Amma da na danna sai na ji ganyen da tauri. Rana ce ta yi mata yawa farat ɗaya bayan ta saba da inuwa. Na mayar da ita jikin katangar da ke kallon gabas inda take samun ranar safe, azahar na yi inuwa ta rufe ta. Cikin mako biyu ta dawo kore, sai dai bakin da ya ƙone bai dawo ba, yana nan har yau.

Wannan ne ya koya mini cewa hannu ya fi ido sanin ciwon alobera. Ganye mai laushi da ruwa-ruwa, ruwa ne ya yi yawa. Mai tauri da ya sauya launi, rana ce. In kuwa ya motse ya zama siriri yana nannaɗewa ciki kamar kwalekwale, to a nan ne take jin ƙishi da gaske. Wata maƙwabciyata tata tana cikin falo nesa da taga, ganyen sun yi tsawo sun koɗe sun kwanta, wannan kuma rashin haske ne.

Yanzu da muke cikin hunturu, sau ɗaya nake ba ta ruwa a mako biyu, wani lokaci har uku. Tsinken tsintsiya nake cusawa har ƙasan tukunyar, in ya fito a bushe sai in zuba ruwa sosai har ya zubo ta hujin, a gefe nake zubawa ba a tsakiyar ganyen ba. Ƙura kuwa da jiƙaƙƙen tsumma nake goge ta ranar Asabar. A wajen gugar ne ma na taɓa ganin wasu fararen ƙwari kamar ɓurɓushin auduga maƙale a hammatar ganye. Auduga da sifirit na sa na goge su sau biyu, ban sake ganinsu ba.

Ganye ɗaya tak na yanka don amfani tun da na saye ta, don har yanzu ƙarama ce, sai ta shekara uku zuwa huɗu ake cewa ta isa yanka sosai. Na zaɓi na can waje mafi girma, na jingine shi tsaye a kofi. Wani ruwa rawaya mai ɗaci kamar maɗaci ya riƙa ɗiga daga wajen yankan. Ina roƙon mata 'yan'uwana su kula da wannan ruwa. Yana sa gudawa mai ƙarfi da murɗar ciki, mai juna biyu kada ta kusance shi, kuma tun 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi cikin magungunan wankin ciki da ake saya ba da takardar likita ba. Yana cutar da kyanwa ma in ta tauna ganyen. Sai da ya gama ɗiga na wanke, na feɗe ganyen, na kwashi farin cikin.

Ranar da mai ya fallatsa wa 'yata a bayan hannu, ruwan famfo mai sanyi muka fara sakar wa wajen na tsawon lokaci, daga baya na shafa mata. Ta ce ta ji sanyi, raɗaɗin ya lafa. Ƙaramar ƙuna ce da ko bororo ba ta yi ba. Wadda ta yi zurfi ko ta ci wuri mai faɗi, asibiti za a nufa.

Ina ba da shawarar a saya, kuɗin bai tafi a banza ba. Amma duk mai saye ya girgiza ta a hankali tun a wajen, in gindin yana rawa ya bar ta, kuma ya sauya mata ƙasa da tukunya a makon farko. Na koma wajen mai sayarwar na gaya masa abin da ya faru. Ya saurare ni da ladabi, ya ce shi haka yake shayar da duk furanninsa da tiyo ɗaya. Na roƙe shi ya riƙa ware masu kaurin ganye gefe guda, kuma ya daina ce wa mutane safe da yamma.

A farkon watan nan na ga 'ya'ya biyu sun leƙo a gefen tukunyar, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Zan bar su sai sun yi ganye huɗu ko biyar da saiwarsu kafin in raba su da uwar. Ɗaya na Gwaggo ne, na riga na sayi tukunyar da zan kai mata shi Zariya.