Ninh Binh a Yini Ɗaya: Bas ɗin Haɗaka ko Motar Kanku, Trang An ko Tam Coc?

Hajiya, barka da warhaka. Na ga tambayarki. Za ku je Hanoi, babban birnin Biyetnam, a watan Nuwamba, ku huɗu: ke da maigida da Mama da 'yarku. Rana guda ce kawai ba ku da hidima, kuma kina so ku ga Ninh Binh, lardin duwatsu da ruwa da ke kudu da Hanoi. An ba ki farashi biyu, na bas ɗin da ake haɗa baƙi da yawa da na mota taku ta kanku da ɗan jagora, ga shi kuma kowane kamfani sai ya tambaye ki ko Trang An kuke so ko Tam Coc, wato wurare biyu da ake yawon kwale-kwale a can. Kin ƙara da cewa gwiwar Mama tana damunta. Wannan magana ta gwiwa ita ce na fi dubawa a duk abin da zan faɗa miki.

Bari mu fara da mota, don ita ce za ta tsara muku yinin gaba ɗaya. Daga Hanoi zuwa Ninh Binh kimanin kilomita 90 zuwa 100 ne ta kudu, tafiyar awa biyu a babbar hanya. Da bas da ƙaramar mota duk hanya ɗaya za su bi, kuma wuraren da za a kai ku kusan ɗaya ne. Inda suka bambanta shi ne lokacin da za ku isa kowane wuri.

Bas yakan fara bi otal-otal yana kwasar mutane a tsohuwar unguwar Hanoi wajen ƙarfe 7:30 zuwa 8 na safe. Kafin a gama kwasa a fita gari an ci lokaci, a hanya kuma a tsaya a wani wurin hutawa mai shagon sayar da kayan tsaraba. Sai hantsi ya dubi ludayi ake isa Hoa Lu, tsohon babban birnin ƙasar. Daga nan abincin rana, sannan a shiga kwale-kwale da tsakar rana, a ƙarshe a kai ku gindin dutsen Mua lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Kusan duk bas-bas ɗin wannan jerin suke bi, shi ya sa a kowane wuri tare kuke isa da taron jama'a. Tsarin yana da arha, kuma ga matashi ɗaya ko biyu masu ƙarfin ƙafa ba shi da laifi ko kaɗan. Amma idan ɗan jagora ya ce minti 40, to minti 40 ne, ko Mama ta gama hutawa ko ba ta gama ba.

Da motar kanku, ke za ki ce a tashi ƙarfe 6, ku isa bakin ruwa kafin rana ta yi zafi kuma kafin layi ya yi tsawo. Za ki iya juya jerin yadda ya dace da ku, ki cire abin da ba ku so, direba ya sauke Mama daf da ƙofa. Akwai kuma abubuwa biyu da mu muka san nauyinsu, wato salla da abinci. A arewacin Biyetnam azahar tana shiga wajen ƙarfe 12, kuma a Nuwamba rana tana faɗuwa kafin 5:30. A bas, azahar da la'asar za su same ku tsakanin wurin cin abinci da cikin kwale-kwale, babu wanda zai tsayar da mutum 30 don ku. A motarku kuwa sai ku ce wa direba ya tsaya, ku shimfiɗa darduma a inuwa, ku yi kasaru ku haɗa. Kada ku sa ran masallaci a can. Wanda aka sani a duk yankin shi ne Masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc a cikin Hanoi, don haka ku tafi da darduma da butar ruwa.

Wajen kuɗi, bas da kai ake biya, motar kanku kuma kuɗinta rabawa ake yi tsakanin masu shiga. Mutum ɗaya zai ji ta a aljihu sosai. Ku huɗu, tazarar tana raguwa har ta kai inda ni dai ba na ganin dalilin wahalar da dattijuwa a kanta. Sai dai ki sani, motar kanku ba ta sayen miki kogi. A bakin ruwa layi ɗaya kowa yake bi, kwale-kwale iri ɗaya kowa yake shiga.

To, sai kogin. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, don a hoto su biyun kamarsu ɗaya: duwatsun farar ƙasa masu tsayi sun miƙe daga cikin ruwa, ciyayi sun lulluɓe su, ƙananan jirage suna shigewa ƙarƙashinsu. Dukansu suna cikin yankin da UNESCO ta saka a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, wuri na farko a Biyetnam da aka karɓa saboda halittarsa da tarihin mutanensa a lokaci guda, domin an samu alamun zaman ɗan Adam na sama da shekara 30,000 a kogunan duwatsun. Amma zama a cikin jirgin ba ɗaya ba ne.

Tam Coc kogi ne guda, Ngo Dong, da ya ratsa ta cikin gonakin shinkafa ya shige ƙarƙashin duwatsu sau uku. Kogon farko, Hang Ca, shi ne mafi tsawo, mita 127, sauran biyun sun fi shi gajarta sosai. Ana zuwa ƙarshe a juyo ta hanyar da aka bi, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ke nan. Masu tuƙin, waɗanda yawancinsu matan ƙauyukan wurin ne, da ƙafa suke tuƙi: mace ta jingina da baya, ta riƙe lema a hannu, tafin ƙafarta yana juya filafilai biyu ba tare da kuskure ba. Abin kallo ne ƙwarai, kuma sana'a ce da ake ci da iyali da ita. Kyan Tam Coc yana kai ƙarshe ne daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da shinkafa ta nuna, gefen kogin biyu ya koma ruwan zinariya. Hotunan da kika gani galibi na wannan lokacin ne. A Nuwamba an daɗe da girbe, ruwa za ku tarar a inda gonakin suke. Wurin yana nan da kyansa, amma ba abin da ke hoton za ku gani ba, kuma gara ki san haka tun daga gida. Ga shi kuma baƙi manya biyu ake ɗauka a jirgi ɗaya, wato za a raba ku biyu. A wurin juyawa akwai masu talla a cikin jirage da kan matsa wa baƙo ya saya wa mai tuƙi abin sha. Ba faɗa ba ne, amma mai kunya yakan sayi abin da bai yi niyya ba.

Trang An ba kogi ɗaya miƙaƙƙe ba ne. Tafkuna ne da kwaruruka da duwatsu suka kewaye, koguna na cikin dutse suna haɗa wannan da wancan, sai a shiga duhu ta nan a ɓullo wani kwari dabam wanda babu hanyar mota zuwa cikinsa. Akwai hanyoyi uku da ake zaɓa a wurin sayen tikiti: wata ta fi yawan kogunan cikin dutse, wata ta fi wuraren tsayawa, wata kuma tana bi ta kogon da ya kai kusan kilomita guda. Jirgi yana ɗaukar mutum huɗu, daidai ku ke nan, ba a haɗa ku da kowa ba kuma ba a raba ku ba. Ana ba kowa rigar kariya ta ruwa, layin yana da tsari, babu talla a kan ruwa. Kyansa kuma bai rataya da shinkafa ba, don haka Nuwamba ba ta rage masa komai. Wahalarsa ita ce tsawo: awa biyu da rabi zuwa uku a kan ɗan benci mai ƙasa. A wasu kogunan rufin yana saukowa har sai kowa ya sunkuyar da kai, mai tuƙi tana faɗa muku lokacin da za ku duƙa. Ana tsayawa a wasu wuraren bauta na tsakiyar ruwa, wasu da matakala, amma Mama za ta iya zama a jirgi ko a inuwa ta jira.

Ni Trang An zan zaɓar muku, saboda watan da za ku je da kuma zamanku tare a jirgi ɗaya, ke kina kusa da Mama wajen shiga da fita. Ki tafi mata da ɗan matashin zama. Abu ɗaya ne zai sa in canja: idan bayanta ma yana ciwo, ba ta iya zaman da ya wuce awa biyu, to ku yi Tam Coc, maigida ya shiga da 'yarku, ke ki shiga da ita. Duk wanda ya ce zai haɗa muku su biyun a yini ɗaya, ki ce masa a'a. Awa biyar ke nan a kan benci.

Ba kuma za ku rasa Tam Coc ba ko da kun zaɓi Trang An, domin daga ƙololuwar dutsen Mua shi ake hange. Matakala ce ta dutse kusan 500, ba su daidaita ba, wasu dogaye wasu gajeru, a sama akwai mutum-mutumin dodon nan mai jikin maciji kwance a kan tsinin duwatsu. Daga can za ki ga Ngo Dong yana lanƙwasa tsakanin duwatsu, jirage a jere a kansa, ta ɗaya gefen kuma filin karkara shimfiɗe har iyakar gani. Mama kada ta hau, ko ta ce za ta iya. Saukowar ta fi hawan cin gwiwa. A gindin dutsen akwai lambu da wuraren zama da za ta huta, ku ukun ku hau da takalmi mai riƙe ƙasa, ku ba shi kamar awa ɗaya da rabi har da hutawa.

Wuraren bauta kuwa, uku ake yawan sa wa a tsari. Hoa Lu shi ne wanda bai kamata ku bari ba. Nan ne babban birnin ƙasar daga 968, lokacin da Dinh Bo Linh ya murƙushe sarakunan yaƙi 12 da suka yayyaga ƙasar, ya haɗa ta ya sa mata suna Dai Co Viet. Ya zaɓi wurin ne don duwatsun su zame masa ganuwa. An kashe shi a 979, sarkin yaƙinsa Le Hoan ya hau mulki a 980, ya kori rundunar daular Song ta ƙasar Sin a 981. A 1010 Ly Thai To ya mayar da fadar Thang Long, wato Hanoi ta yau. Fadar kanta ba ta nan, abin da ya rage shi ne haikali biyu na tunawa da sarakunan nan biyu, waɗanda aka sake ginawa a ƙarni na 17. Wurin shimfiɗe yake, awa ɗaya ta isa, kuma a nan ne ɗan jagora mai sani yake biyan kuɗinsa, don in babu mai ba da labari gini biyu kawai za ku gani ku fito. Bai Dinh kuma girma ne zalla: sabon ginin an fara shi a 2003, da gumaka 500 na dutse a jere cikin dogayen barandu, da hasumiya mai hawa 13. Sai an shiga motar lantarki kafin a kai ƙofarsa, bayan haka tafiyar ƙafa ce mai yawa da hawa. Ga gwiwar Mama, a cire shi. Bich Dong ƙarami ne kusa da Tam Coc, hawa uku a jikin dutse, na tsakiya rabinsa a cikin kogo. Ƙofarsa da 'yar gadar da ke gabanta kaɗai sun isa tsayawar minti 20 idan lokaci ya ragu.

Na san za ki yi tunanin shiga irin waɗannan wurare. Babu mai cewa ku rusuna ko ku kunna turaren wuta. Abin da suke nema ga baƙo shi ne sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa da kuma sassauta murya, don akwai masu ibadarsu a ciki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ɗakin gumakan ba, ya tsaya a farfajiya, labarin duk za a iya ba da shi a nan.

Abinci yana buƙatar shiri. Ninh Binh ta yi suna da naman akuyar dutse, amma ba yankan Musulmi ba ne. Akwai kuma com chay, wanda kusan kanzon shinkafa ne aka soya, sai dai sau da yawa ana barbaɗa masa busasshen naman alade da aka yi wa dakan laushi, don haka ki tambaya kafin ki saya. A bas, abincin haɗaka ne a babban tebur, ba ki da iko da abin da aka dafa ko man da aka yi amfani da shi. Da motarku za ki iya sayen abinci daga gidan abincin halal a Hanoi tun da daddare kafin ranar tafiyar, ko ɗan jagora ya faɗa wa masu dafuwa da yarensu cewa kifi da ƙwai da ganye kuke so, da man gyaɗa ko na waken soya, ba kitsen alade ba.

Kafin ki biya, su rubuto miki amsar waɗannan: tikitin shiga da na jirgi suna cikin farashin ko a'a, ɗan jagora ne mai jin Turanci ko direba kaɗai, ƙarfe nawa za a iya tashi, kuma akwai ƙarin kuɗi in an yi dare, babu tsayawa a shagon tsaraba sai kun nema. Ki ce jerin da kike so shi ne Trang An da safe, salla da abinci, Hoa Lu, sannan Mua wajen ƙarfe 3:30 don ku sauko kafin duhu. Ki riƙe ƙananan takardun dong, wato kuɗin ƙasar, don ihsani ga mai tuƙi, wadda za ta yi kusan awa uku tana jan mutum huɗu. Ki kuma duba takarda da kyau kafin ki miƙa, domin ta 20,000 da ta 500,000 duk shuɗi-shuɗi ne, baƙi suna yawan musanya su. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida Mama.