Na biya kuɗin ƙananan littattafai, an aiko mini da manya

Yaron nan na unguwar Nima a Akra da ke sa hotunan tsofaffin littattafai a WhatsApp kowace Juma'a, ba zan kira shi macuci ba. Kaya sun iso da wuri. Na tura kuɗi ta MoMo da safe, washegari kafin la'asar aka kira ni daga tashar Asafo in je in karɓi kwalina. Kowane littafi ya naɗe shi a leda, ya cusa tsohuwar jarida a kusurwoyin kwalin, ruwan da aka sheƙa a hanyar Akra zuwa Kumasi bai taɓa ko ɗaya ba. A nan ya cancanci yabo, kuma na yaba masa tun ina tashar, kafin in yanke igiyar kwalin.

Littattafan Agatha Christie goma sha biyu na saya, bugun Fontana, ƙananan nan da ke shiga aljihun kaftani. Su na gani a hoto, su na nuna, su na biya. Yawancin labaran na karanta su tun ina saurayi, lokacin da littafi ɗaya na James Hadley Chase ko na jerin Pacesetters yakan zaga Aboabo gida-gida har bangonsa ya fita. Abin da nake tarawa yanzu shi ne bugun kansa: mai zanen Tom Adams a bango, wanda ya yi wa Fontana aiki daga farkon shekarun 1960 zuwa wajen 1980. Ita Agatha Christie ta rubuta dogayen labaran binciken laifi 66, kuma ba duka ake samu a tsohon bugun Fontana ba, domin littattafanta na farko-farko ba Collins, kamfanin da ke da Fontana, ne ya fitar da su ba, sai ka neme su a bugun Pan ko Penguin. Shi ya sa duk wanda ya faɗo hannunka ba ka sake da shi.

Da na buɗe kwalin a gida, huɗu ne kawai irin waɗanda na nuna. Sauran takwas sababbin bugu ne, dogaye, masu sheƙin bango. Sunayen daidai suke, babu wanda ya kuskure, amma ba su ba ne.

Wanda ba ya wannan harka zai ce me ye abin tayar da jijiyar wuya. To, ƙaramin littafin Ingila na da faɗin santimita 11 da tsawon kusan 18. Wanda ya maye gurbinsa a shaguna yanzu faɗinsa kusan 13 ne, tsawonsa kusan 20. Kantar da wani kafinta ya yi mini a Anloga, tsakanin katako da katako santimita 19 ne, domin da littafin a hannuna na je aka auna. Takwas ɗin nan ba sa tsayawa a ciki. Sai dai a kwantar da su a saman 'yan'uwansu, nauyinsu yana lanƙwasa bangon tsofaffin da na yi shekaru ina karewa daga gara da danshin damina. Aljihu kuwa ba a magana. A cikin trotro zuwa Kejetia, mutum a matse tsakanin mai kwando da mai buhu, ƙaramin littafi kake iya riƙewa da hannu ɗaya ka juya shafi da babban yatsa. Babban sai ka buɗe gwiwar hannu ka zunguri maƙwabci.

Na kira shi a daren. Ya gaishe ni da ladabi, ba laifi. Da na faɗi abin da na gani sai ya ce, "Alhaji, ai labarin ɗaya ne. Waɗancan sun ƙare, na ga waɗannan sun fi tsabta, na ce za ka fi jin daɗinsu." Na ce, "Ɗana, da suka ƙare me ya hana ka kira ni? Lambata tana hannunka." Ya yi shiru, sannan ya ce ai bai ƙara mini ko pesewa ba, alhali sababbin sun fi tsada. Wannan magana ce ta fi ɓata mini rai, don a ganinsa alheri ya yi mini. Kamar ka kai wa tela yadi ya ɗinka maka kaftani, ya kawo babbar riga ya ce ai yadin ɗaya ne.

Na tsaya na yi masa bayani, don na ga da gaske bai sani ba. Na ce ya duba bangon tsofaffin. Wanda aka buga kafin 1971 farashinsa da sule da sisi yake, kamar 3/6, saboda a shekarar ne Ingila ta bar wannan lissafi, mu nan Ghana tun 1965 muka koma sidi. Na shekarun 1960 babu lambar shaidar littafi ta ISBN a jikinsa, balle layukan nan da ake haskawa a kanti. Ƙaramin girman nan kuwa da shi Penguin ya fara a 1935, ana sayar da littafi sisi, masu launin lemu na labarai, kore na kisan kai da bincike. An yi su ne don mai jiran jirgin ƙasa ya saya ya jefa a aljihu. Yanzu kamfanonin sun karkata ga manya, domin babban littafi ana sa masa farashi mai tsoka ba a yi ƙorafi ba, masu neman araha kuma da yawa sun koma karatu a waya da kwamfuta. Ko littattafan Kwei Quartey, da ɗan sandansa Darko Dawson yake yawo a titunan Akra tun 2009, duk waɗanda na samu manya ne. Ƙananan ba a ƙara yin irinsu da wannan bango, abin da ya rage a duniya shi ke nan, kullum raguwa yake. Yaron ya ce wallahi shi a dila yake saye, da suna yake jera kaya, bai taɓa sa abin awo a littafi ba.

Bayan wannan hira zuciyata ta yi sanyi. Ya ce in mayar da takwas ɗin ya dawo mini da kuɗina, kuɗin mota a kansa. Kuma gaskiya ɗaya ce, na buɗe ɗaya daga cikin sababbin bayan isha'i na ji idona ya huta. Rubutun ya fi girma, akwai sarari tsakanin layi da layi, takardar fara ce, ba ruwan ƙasan nan na tsohuwar takarda mai arha da ke ƙonewa da kanta tana karyewa a gefe ba. A shekaruna wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har na fara tunanin in riƙe biyu ko uku na karatu, in rubuta masa shaidar kirki a wurin abokai.

Sai 'yata ta ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin huɗun. Tana ajin ƙarshe a sakandare, kuma na daɗe ina so ta shiga wannan karatu. Na zaɓar mata The Murder of Roger Ackroyd na 1926 da kaina, don duk wanda ya karanta shi ya san cewa dukan littafin a kan shafukan ƙarshe yake tsaye. Ta bar waya, ta bar hira, tana karatu har a bakin murhu. Ranar da ta kai ƙarshe ta shigo ɗakina da littafin a buɗe, ta ce, "Baba, ina sauran?" Na karɓa na duba. Labarin ya yanke a tsakiyar magana, daga nan sai bangon baya. Babu babin ƙarshe, babu wanda ke gabansa.

Na san yadda hakan ke faruwa. Waɗannan littattafai ba ɗinki aka yi musu ba, da gam aka manna ganye-ganyen a gadon baya. Gam mai shekara hamsin yakan bushe, hunturu ya zo ya tsattsage shi, shafuka su fara zubewa daga gaba ko daga baya. Wannan ba laifin kowa ba ne. Amma da na haska da tocila na ga sabon farin gam a cikin bangon, an shafa an danne don ya zauna daram. Wani ya ga shafukan sun fita, ya manne bangon a kan abin da ya rage, ya sa a leda. Yaron ya rantse ba shi ba ne, haka ya samo shi a dila. Mai yiwuwa ne. To amma a ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa littafin cikakke ne, ya kuma caje ni kuɗin cikakke. Mai sayar da labarin binciken laifi, ko bai karanta komai ba, ai ya buɗe shafin ƙarshe.

Abin da ya ƙona mini rai, yarinyar ba ta iya jira ba. Ta shiga intanet ta nemi wanda ya yi kisan, ta gan shi a layi ɗaya. Wannan mamakin sau ɗaya ake samunsa, ni na same shi a zauren gidanmu da fitilar kananzir, ita an raba ta da shi. Babu kuɗin da zai mayar da ya biya wannan.

Na tattara takwas ɗin duka da guntun na mayar, ban riƙe ko ɗaya ba. Kuɗin sababbin ya dawo da su cif. Na guntun kuma ya ce zai nemo mini wani a madadinsa, har yau ina jira. Sauran ukun na ƙirga shafukansu ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau, ɗaya ma bangonsa kamar ba a taɓa buɗe shi ba, kuma a farashin da ya ba ni ba za ka same shi a Adum ba. Idan za ku saya a wurinsa, ku sa ya ɗauki hoton littafin da rula a gefensa, da hoton bangon baya, da na shafin ƙarshe, kafin ku tura ko sidi ɗaya. Jiya ya sa hoton wasu korayen Penguin guda biyar, na tambaye shi waɗannan hotuna uku, ya turo biyu.