Clash of Clans: Shekara guda ina yaƙi don kunyar idon mutane

Na sauke Clash of Clans a wayata ne don rage zaman banza. Kamfanin Supercell na ƙasar Finland ne ya fitar da shi a 2012, kuma ga mai buga shi shi kaɗai, wasa ne na haƙuri: ka gina gari, ka tara zinare, ka jira. Cikin wata biyu ya fara gundurata.

Sai na shiga ƙungiya, wadda 'yan wasa ke kira kilan. Tana ɗaukar mutum har 50, da shugaba da mataimakansa da dattawa. A nan labari ya sauya. Idan aka ɗaura yaƙi da wata ƙungiya, ana ba da kwana guda na shiri, kwana guda na fafatawa, kowa da hari biyu, kowane hari ana neman taurari uku. Abin da ban lura da shi ba tun farko shi ne, kowa a ƙungiya zai iya kallon harinka, ko yana gudana ko bayan an gama. Ran da na dawo da tauraro ɗaya tak, ba wanda ya zage ni. Wani dai ya rubuto, "Ba komai, ɗan'uwa, gobe ma rana ce." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Daren nan sai da na kalli hare-haren gwanayenmu ɗaya bayan ɗaya, washegari na watsar da salon da nake so na kama nasu.

Haka batun kyautar sojoji da 'yan ƙungiya ke yi wa juna. Wasan na nuna yawan da ka bayar da yawan da ka karɓa a gefen sunanka. Ni da ban damu da lissafi ba, na koma mai leƙa waya tsakar dare don kada a ce hannuna a buɗe yake wajen karɓa kawai. Tikitin Gold Pass ma, wanda ake biyan kuɗi don samun ƙarin lada a wasan, na saya sau biyu, ba don ina buƙata ba, don na ga sa'o'ina sun wuce ni.

Wasan kansa ba ya cin data sosai, kuma yana da daɗi matuƙa idan ka dace da ƙungiya mai sauƙin kai. Tamu ta farko ba ta da shi: ka rasa hari ɗaya, a kore ka. Wadda nake ciki yanzu, kana iya nuna ba ka cikin yaƙin wannan karon, ba mai tambayarka dalili. Duk da haka har yau ban taɓa iya danna maɓallin ba.