Wane ƙaramin ampili na kunne ya dace da mai koyon gitar a Damagaram?

Gidanmu a Birni yake, kuma bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na Inna. Bayan katanga ga masallacin unguwa. Sau ɗaya na taɓa kunna ampili, na'urar ƙara sautin gitar, bayan isha'i, wani tsoho da na aro, na kuma rage murya iya ragewa a ganina. Da safe na durƙusa gaisuwa sai ta ce, "Auta, jiya aljanu ne suka yi biki a ɗakinka, ko kuwa kai ne?" Daga ranar na koma kaɗa gitar ba wuta. To amma wannan yana ɓata hannu: kana dukan tsirkiya da ƙarfi don ka ji kanka, kuma ba ka jin ƙananan kurakurai, sai ranar da ka jona a gaban mutane su fito maka gaba ɗaya.

Maganin shi ne ɗan ampili da bai fi kwalin ashana biyu girma ba, wanda ake cusawa kai tsaye a ramin gitar, a jona kas, wato abin sauraro na kunne, a ɗaya gefen. Kai kana jin gitar kamar a filin biki, wanda ke ƙofar ɗaki kuwa ƙis-ƙis ɗin tsirkiya kawai yake ji. Dabarar ta daɗe, tun 1982 wani injiniya makaɗi a Amurka, Tom Scholz, ya fito da Rockman. Yanzu iri ya yi yawa har mutum ya rasa na ɗauka.

Kafin komai, kada a sayar maka da ampilin sauraron waƙa a matsayin na gitar. Akwai ƙananan akwatuna masu rami huɗu da ake raba sauti da su a situdiyo, su ma sunansu ampilin kas. Ba su da amfani a nan. Siginar da ke fita daga gitar rarrauna ce, tana buƙatar mashiga da aka ƙera dominta. Alama mai sauƙi: na gitar yana da ƙaton filogi mai kaurin milimita 6.35 a jikinsa, ko rami mai wannan faɗin da aka rubuta sunan gitar a kai.

Masu talla a intanet da yawan sautuka suke farawa. Ni da wuta nake farawa, don a garin nan ita ce ke yanke hukunci. Waɗannan na'urori kashi biyu ne: masu cin pil, da masu batir a ciki da ake caji kamar salula.

A masu pil, Vox amPlug ne sarki. Pil biyu ƙanana yake ci, AAA, irin na telekomandi, waɗanda ko mai tebur na bakin hanya yana da su. Kamfanin ya ce amPlug 2 yana kai awa 11 da pil alkalin idan an kunna kwalliyar sauti irin su amsa-kuwwa, awa 17 idan ba a kunna ba. Pil na arha ba zai kai haka ba, amma ko rabi ya yi, ai ka yi kwanaki. Kuma idan ka yi barci ka bar shi ba ka kashe ba, yakan kashe kansa bayan minti 30. Daren Afrilu da wuta ta ɗauke, kowa ya fito da tabarma tsakar gida, kai sai ka haye tudu ka jingina da bango kana aikinka, ba ruwanka da caji.

Sai dai kowane amPlug murya ɗaya gare shi, kuma tun wajen saye ake zaɓen ta. A amPlug 2 akwai Clean, akwai Blues, akwai AC30, akwai Metal, akwai na bas. A nan ne samari da yawa ke tafka kuskure, su ɗauki Metal don sunan ya yi musu daɗi. In dai kiɗan da kake bi irin na Agadas ne, mai tsirkiya wasai da ɗan gurnani kaɗan, ko kuwa kiɗan biki kake nufi, to AC30 ko Clean za ka nema. Metal yana lulluɓe komai da ƙara, har ka ɗauka ka iya alhali yatsunka ba su gama zama ba. Sabon samfurin, amPlug 3 na 2024, an ƙara masa kiɗan ganga a ciki don riƙe lokaci. Abu ne mai kyau, ko da yake ba za ka tarar da irin tashin kalangunmu a ciki ba.

Akwai kuma masu kwaikwayon Vox daga Sin, su ma na pil, a rabin kuɗi ko ƙasa. Wasu ba laifi. Na farkon da na saya irinsu ne, ba ma suna a jikinsa. Yana da wani "shiii" da ba ya yankewa ko ka ɗauke hannu daga gitar, kuma wata na uku filogin ya ɓalle ya bar kansa a cikin rami, sai da mai gyaran rediyo ya zaro shi da hantsaki.

A masu caji, wanda aka fi sani shi ne Fender Mustang Micro, da ya fito a 2021. Yana da muryoyin ampili 12 da haɗin kwalliya 12, ana caji da USB-C, batir yana kai awa 4. Sautinsa ya fi na Vox faɗi da cika, wannan ba gardama. Babban daɗinsa Bluetooth: ka turo waƙa ko darasin bidiyo daga salula, su haɗu da gitarka a kunne, ba waya tana reto. Za ka iya jona shi da kwamfuta ka naɗi abin da ka kaɗa. Abin da ke ba ni haushi da shi, ba shi da allo, launin ƙananan fitilu ne ke gaya maka inda kake, sai ka haddace su. An gyara wannan a Mustang Micro Plus na 2024, mai ɗan allo da abin saita tsirkiya. Boss Katana:GO da NUX Mighty Plug duk a wannan layin suke, sai dai su rabin aikinsu a manhajar salula yake. Na ga abokina ya kwashe dare guda yana latse-latsen muryoyi, shayi ya yi zagaye uku, bai kaɗa baiti ɗaya ba.

Matsalar masu caji ita ce batirin lithiyom ba ya shiri da zafi, mu kuwa a bazara muna wuce digiri 40. Ka bar shi a ɗakin kwano da rana, ko cikin akwatin babur, ƙarfinsa zai riƙa raguwa. Ranar da ya mutu ba pil ba ne da za ka aiki yaro ya sayo, a rufe yake cikin jiki. Kuma in ka ce za ka yi wasa yana kan caji, caja ta arha takan shigo da gunji cikin kunne. Wanda ke da sola a gida ko bankin caji, wannan duk da sauƙi. Wanda ba shi da su, Vox da wayar aux ta dala ɗari zai yi masa aikin Bluetooth ɗin: gefe ɗaya a salula, ɗaya a ramin aux, shi ke nan.

Maganar jona gitar da salula kai tsaye ta ɗan adafta, zan wuce ta da sauri. A yawancin wayoyin Android na hannunmu sautin yakan makara bayan bugu, kuma ba a koyon kiɗa da sautin da ke bin ka a baya. Dalilin ke nan kas ɗin Bluetooth ma ba ya yi. Ko Mustang ɗin, karɓar waƙa kawai Bluetooth ɗinsa ke yi, ba ya tura gitar zuwa kunne. Dole kas mai waya, mai filogi na milimita 3.5. Nemi mai rufe kunne duka, na om 32 ko kusa (om ma'aunin juriyar lantarki ne na kas). Na salula mai makirfo yakan yi, amma wani lokaci filoginsa ba ya zama daidai, sai ka ji sauti ya sirance kamar daga rijiya.

Dubi ramin gitarka kuma. Na gitar Stratocaster ta kamfanin Fender da 'yan kwaikwayonta a karkace yake cikin wani lotsattsen ƙarfe a fuska, wasu kuma a gefen ƙasa yake. Filogin amPlug 2 yana juyawa digiri 180, na Mustang 270, don haka suna shiga ko'ina. Masu filogi a sandare su ne matsala, musamman gare mu masu zama a tabarma: gitar tana kan cinya, na'urar tana tokarar ƙasa, motsi ɗaya ka karya ta. Haka nawa ya tafi.

Kuɗi fa? A Turai Vox yana wajen yuro 50, Mustang Micro kusan ninki biyu, su Katana sun ɗara haka. Yuro ɗaya sefa 656 ne, sai ka yi lissafi, ka ɗora kuɗin hanya da ribar mai kawowa. Yawanci saƙo ake bayarwa, ko ga mai zuwa Kano ko Yamai, ko ɗan'uwa da ke waje. In saƙo ne, tura hoton ainihin samfurin, kada ka ce "Vox" kawai a dawo maka da na bas.

Ni dai AC30 na pil nake cewa mai farawa ya ɗauka, mai naɗar sauti ko mai wuta tsayayya ya ƙara kuɗi ya ɗauki Mustang Micro Plus. In kuwa a hannu za ka saya, je da gitarka da kas ɗinka. Jona, ka dafe tsirkiyoyi da tafin hannu, ka ƙure murya ka saurari shirun, nesa da fanka da fitilar neyon don su ma suna jawo gunji. Murza kowace ƙafar murya a hankali, in ka ji ƙaras-ƙaras ƙurar hunturu ta riga ka shiga. Sa'an nan ka ɗan girgiza filogin a cikin rami. In sauti ya yanke ko sau ɗaya, ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a duba mini wani."