Kafin ka biya kuɗin motar tsere da wani ya riga ya taɓa

Cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar, ɗan ƙanwata ya same ni da bidiyo a waya. BMW ce ja, ƙirar E46, an sauke ta ƙasa, an sa mata faffaɗan tayoyi da fiffike a kan but, salansa na ruri kamar za ta fasa wayar. "Kawu, wagga ita nika so," in ji shi. Ya daɗe yana tara kuɗi, burinsa ya shiga tseren 'yan sha'awa, irin waɗanda ba sana'arsu ba ce, neman nishaɗi ne kawai. Na ce masa to, amma sai mun tafi da bakanikena, kuma a faɗa wa dillali kada a tayar da motar kafin mu iso.

Da muka isa na ɗora tafin hannu a kan bonet. Da ɗumi. An riga an tayar da ita, an bar injin ya saki jiki, don hayaƙi da ƙarar da yake yi in ya kwana su ɓuya. Bakanike ya kwance murfin baƙin mai, ya juyo mana cikinsa: wani abu fari-fari mai kauri kamar kunun gyaɗa ya manne a jiki. Ruwa ke haɗuwa da mai ke nan, kuma a garin da ba sanyi irin namu, wannan kusan kullum gasket ɗin saman inji ne ya ƙone. Ya bi wayoyi da yatsa, ya tarar an haɗa fanka kai tsaye, an kuma cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa, dabarar da ake yi wa motar da ta saba tafasa. Muka sa aka hau da ita rami. A daidai inda ƙarfen da ke riƙe da aksil na baya ke ɗaure da bodi, ga tsaga an bi ta da walda, an shafe da baƙin fenti da bai gama bushewa ba. Dillali ya ce, "Alhaji, ai ƙarfafa ta aka yi." Ban ce masa komai ba, yaron kawai na kalla.

Wannan tsagar sananniyar cuta ce ta E46, wadda BMW ta ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2006, kuma tana fitowa da wuri a motar da aka sha figa da ita. Ɗaya cutar ita ce hanyar ruwa: tankin ruwa na roba ne, bakunan lagireto na roba ne, kuma roba ba ta shiri da rana da tsufa. Duk da haka, cikin motocin da matashin Sakkwato zai iya kai hannu gare su, ita da yayarta E36 na fi ba wa maki. Ƙafar baya ke ja, nauyin gaba da na baya ya kusa zama ɗaya, injin silinda shida a jere yana da juriya muddin bai taɓa tafasa ba. A cikin nau'o'in E46, 325i na ba da ƙarfin doki wajen 190, 330i wajen 230, kuma ga mai koyo ko na farkon ya isa har ya yi saura. Abin da ya fi wannan duka shi ne kayan gyara. Abin da ka rasa a gari, za a ɗoro maka shi daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma kanikawanmu sun san cikinta kamar yunwar cikinsu.

Matsalar ita ce samun wadda ba a gama da ita ba. Waɗannan su ne motocin da ake wasan mota da su a bukukuwa, a yi ta juyi wuri ɗaya har taya ta yi hayaƙi. Da yawa an yi wa aksil ɗinsu walda don tayoyin baya su riƙa juyawa tare. Gane wannan ba wuya: murɗe sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali, za ka ji tayar baya na tsalle tana ƙara. Ga mai juyi wannan daɗi ne. Ga mai son shiga kwana da gudu ya fita lafiya, motar za ta riƙa ƙin juyawa, sannan ta watsar da baya lokacin da bai shirya ba.

Nissan 350Z ta fi E46 kyan gani, ba gardama. Tun 2002 aka fara ta, kujera biyu, injin V6 mai lita 3.5, ƙarfin doki kusan 290 ba tare da an taɓa komai ba. Injin nata dangin na wasu Nissan da Infiniti ne da ke yawo a titunanmu, don haka kayan inji ba su gagara. Na bodi, fitila, gilashi da ƙafafu kuwa, sai ka jira Ladipo ta Legas ko Apo ta Abuja, ka kuma biya yadda aka ce. Wasu daga cikinsu, musamman na 2005 da 2006 masu giyar hannu, sun yi suna wajen shan baƙin mai, don haka a duba sandar awo kafin gwaji da bayansa. Kuma ƙasa take ƙwarai. Duk wanda ya san tudun rage gudu na unguwanninmu ya san abin da cikinta zai sha.

Subaru WRX da sauran masu turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, su ne suka fi jan hankalin yara, ni kuma su na fi tsoro. WRX ƙafa huɗu ke ja, a kan turɓaya ba ta da sa'a, kuma da tseren motoci irin wanda akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu mutum ya nufa, da ita ce ta dace da hanyar. Amma akwatin da ke sanyaya iskar turbo a saman inji yake zaune, yana shan zafi daga ƙasa, ga rana daga sama. Sannan wasu daga cikin waɗanda aka ƙara wa ƙarfi, a Amurka aka sauya lissafin kwamfutarsu bisa fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidan mai, wani lokacin ma a galan bakin titi. Fetur mai rauni da iska mai zafi da turbo da aka matsa, ƙarshensu fistin ne ya fashe. Wanda ya yi lissafin yana wata nahiya, ba ka da lambarsa.

Mazda MX-5 ita ce motar koyon tsere a ƙasashe da yawa, nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. A nan samunta ma aiki ne, balle kayanta.

To, wane gyara ne ke ƙara wa mota daraja? Wanda ya shafi tsayawa da sanyaya: lagireto na alminiyam, na'urar sanyaya baƙin mai, burki mai kyau, shokozoba na kamfanin da aka sani, da rasit. Mai motar da ya fara da waɗannan ya san abin da yake yi. Wanda ya fara da salansa da fiffike da sitika, ya yanke sifirin da abin yankan ƙarfe don mota ta sauka, wannan kuɗinsa a kan idon mutane ya ƙare, kuma kada ka biya ko sisi a kansu. Kejin ƙarfe na cikin mota ma a dube shi da kyau. Na taɓa ganin wanda aka haɗa da bututun famfo. Ranar da mota ta kife, irin wannan shi zai karye ya soki direba.

A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe, komai kyan zanenta, kuma kwaltar Sakkwato da rana tsaka ba ta yafiya. Tayoyin jar motar nan huɗu, shekarunsu uku daban-daban.

Sai takardu. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce. A gwada ta jikin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takardar kwastan. In daga Amurka motar ta zo, a buga lambar a intanet. Sau da yawa hotonta zai fito daga filin gwanjon Copart, gaba a murƙushe ko ciki cike da laka. Tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka in aka ce maka ta Illela ta shigo kwanan nan, ka san akwai magana. Wadda aka mayar wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, ko kallon ta kada ka tsaya yi.

Na tambayi yaron inda zai yi tseren. Ya yi shiru, don ya san amsar da ba na son ji: hanyar Birnin Kebbi ko ta bayan gari da dare, inda ake haɗuwa da tirela ba fitila, da raƙumi, da mai kabu-kabu ɗauke da mata da goyo. Na ce masa in don wannan ne, ni ba hannuna. Filin tsere na gaske da 'yan sha'awa ke zuwa yana Evbuobanosa a jihar Edo, tafiyar yini guda cur, kuma kuɗin ɗora motar a babbar mota zuwa can, da hular kwano, da tayoyin canji, duk cikin kuɗin sayen motar ya kamata a lissafa su tun farko.

Bayan sallar layya muka samu 325i ruwan toka mai giyar hannu a wajen wani dattijo da ya yi ritaya, ba a taɓa sauya mata ko salansa ba. Bakanike ya auna matsin silinda shidan, duk suka zo kusa da juna. Ragowar kuɗin ya tafi a lagireto, famfon ruwa, tankin ruwa, man burki DOT 4 da sababbin tayoyi huɗu. Har yau yaron na ƙorafin cewa in ya shigo layi ba wanda ke waiwayowa, wai motar ba ta da murya. Fiffiken dai ya saya da kuɗinsa, yana jingine a bayan ƙofar ɗakinsa, na ce ba za a huda but ba sai ya dawo daga Edo.