Yawon jirgin ruwa zuwa tsohon gidan gona na Kirkwood

Kamfanin da ya ɗauke mu daga Lewiston a jihar Idaho ta Amurka ya cancanci yabo, domin matuƙin ya san Kogin Snake kamar yunwar cikinsa. Mun ratsa kwazazzabon Hells Canyon har Kirkwood, inda Len Jordan, wanda daga baya ya zama gwamnan Idaho, ya yi kiwon tumaki a shekarun 1930. Matuƙin ya bayyana yadda dokar 1862 ta mallaka wa mutum eka 160 idan ya zauna shekara biyar yana noma, ko da yake wasu sun kafa bukkokinsu babu takarda. Na daɗe ina duba tsofaffin kayan noma da tsatsa ta ci, amma tsayawar ta yi gajarta, ƙarar injin kuma ta haɗiye rabin bayaninsa.