Baba ya kwanta ne ko ya riƙa tattaki? Amsa ga 'yar uwarmu ta Rikkos

Salam 'yan uwa. Jiya da dare 'yar uwarmu ta unguwar Rikkos a nan Jos ta yi tambaya, tace an sallamo Baba daga asibiti, likita yace zuciyarsa ta gaza bata iya tura jini yadda jiki ke buƙata, yanzu gida ya rabu biyu, Mama tace ko buta kar ya ɗauka ya kwanta kawai, yayanta kuma ya dage sai an riƙa fita dashi yana motsa jiki. Wanne za a bi? Allah Ya ba Baba lafiya Ya sa kaffara ne. Hajiya bari in jera miki su biyun ki gani, don na yi jinyar kawuna a kan wannan ciwon kuma na sha tsare masu fiziyo (ma'aikatan asibiti masu gashi da koyar da motsa jiki) da tambayoyi.

Mu fara da kwanciyar don Mama tana da gaskiyarta. Akwai ranar da hutu shine daidai, ranar da ƙafa ta kumbura har idan kika danna da babban yatsa wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, baya iya kwanciya sai an jera masa filo uku ko ma ya kwana a zaune, yana haki alhali ko motsi bai yi ba, ga tari cikin dare. Ruwa ne ya taru a jiki da huhu, a irin wannan ranar babu zancen tattaki sam, asibiti za a koma. Kuma ba Mama kaɗai ba, likitoci da kansu a da haka suke yi har wajen shekarun 1970, su kwantar da mai ciwon zuciya makonni wani ma watanni.

Matsalar tana wajen abin da gado yake yiwa jiki idan an daɗe a kansa. A 1966 a garin Dallas na Amurka an kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20, sati uku babu tashi, da aka gwada su sai aka ga ƙarfin jikinsu na jure aiki ya faɗi da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo su aka gwada, sai ya zama sati ukun nan sun fi shekara 30 na tsufa rage musu ƙarfi. Samari kenan fa masu lafiya, ina ga dattijon da zuciyarsa dama ta yi rauni? Naman cinya da na sha-raɓa yana zubewa, sai ya zama daga ɗaki zuwa banɗaki ma haki yake, sai mutan gida su ce ciwo ya ƙaru a ƙara kwantar dashi, sai ya ƙara zubewa, haka abin zai ta zagaye. Ga jini da zai iya daskarewa a jijiyar ƙafa, ga rashin bayan gida, ga baccin rana da yake hana na dare. Abin da ya fi taɓa min zuciya ma shine damuwa, mutumin da ya saba fita kasuwa da zaman majalisa a mayar dashi sai kallon silin, wallahi shiru kawai zaki ga ya fara yi.

Toh tattaki fa? Gaskiya bazai mayar da zuciyar sabuwa ba, kar yaya ya yiwa Baba wannan alƙawarin. Abin da yake yi shine rage mata kaya. Kamar ƙaramin janareto ne da ya fara gajiya, baki canza shi ba amma kin cire tsofaffin ƙwayayen wuta masu jan wuta kin sa masu ci kaɗan, sai ki ga ya ɗauki gidan ba tare da ya shaƙe ba. Naman jikin da ya saba motsi ya fi iya zuƙar iskar da ke cikin jini, jijiyoyin jini sun fi sakewa, sai aikin da a da yake sa shi haki yanzu ya yi shi cikin sauƙi. An yi babban bincike a kai mai suna HF-ACTION da aka fitar a 2009, masu gazawar zuciya 2,331 a Amurka da Kanada da Faransa, wasu magani kawai wasu magani haɗe da motsa jiki. Aka ga motsa jikin bai jefa su cikin haɗari ba, sun fi jin daɗin jikinsu, komawa gadon asibiti ma ya ɗan ragu duk da ba raguwa mai yawa bace. Shi yasa yanzu ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka sa shi cikin magani ga duk wanda ciwonsa ya lafa.

Idan aka zo zancen haɗari, wanda nasan shine tsoron Mama, kowanne yana da nasa. Na kwanciya a ɓoye yake zuwa a hankali, sai bayan wata biyu ki lura Baba baya iya tashi daga kujera sai an kama shi. Na tattaki a fili yake kuma yana bada alama, ciwon ƙirji ko nauyi a ƙirji, jiri, zufa mai sanyi, zuciya tana bugawa ba tsari, hakin da ya ƙi lafawa bayan an zauna. Da ganin ɗaya a tsaya, in bai wuce ba, a tafi asibiti kar a jira gobe.

Yadda muka yi da kawu bayan likita ya bamu izini, daga ƙofar gida zuwa turken wuta ya dawo, kujerar roba a ajiye a tsakiyar hanya, yaro ɗaya a gefensa. Abin da ake so shine a fara da minti 5 zuwa 10, in ma hakan ya yi yawa a raba shi gida biyu safe da yamma, duk sati a ɗan ƙara har a kai minti 20 zuwa 30 a yawancin ranakun sati. Ma'aunin mai sauƙi ne, ki riƙa jansa da hira kuna tafiya, in yana baki amsa cikakkiya toh lafiya, in maganar ta fara yankewa kalma ɗaya sai numfashi to ya wuce gona da iri. Kar ku dogara da ƙirga bugun zuciya ko agogon hannun nan, don in yana shan carvedilol ko bisoprolol dama suna rage bugun. In kuma yana shan Lasix, maganin fitar da ruwa daga jiki, kar a fita dashi daf da shan maganin, fitsari zai matsa masa a hanya ya ji kunya gobe ya ƙi fita.

Mu 'yan Jos muna da namu ƙarin. Garin nan hawa da gangara ne, layin da kike ganin ba komai dawowarsa hawa ne, don haka a nemi wuri shimfiɗaɗɗe ko da tsakar gida ne ya riƙa zagayawa. Sannan sanyin Disamba da Janairu, sanyi yana matse jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini, a bari sai hantsi ya dubi ludayi, da rigar sanyi da hula. In masallaci na kusa tafiyar Azahar da La'asar ma tattaki ce mai kyau kuma ita ce wadda bazai taɓa yi miki gardama a kanta ba. In sunkuyawa tana sa shi haki ya yi sallarsa a zaune, addini ya bashi wannan sauƙin.

Amma in abin da yaya yake nufi zuwa jim (gidan motsa jiki) ne da ɗaga ƙarfe, a nan ina bayan Mama ɗari bisa ɗari. Duk abin da sai ya riƙe numfashi ya yunƙura, jarkar ruwa mai lita 25, buhu, tura mota, ba nasa bane yanzu. Tashi da zama daga kujera 'yan lokuta, ko ɗaga ƙaramar gorar ruwa yana numfashi yadda ya saba, wannan ya isa. Kuma tattaki baya maye gurbin magani ko rage gishiri da maggi, kar ya ji sauƙi yace ya warke ya ajiye ƙwayoyinsa, yawancin masu wannan ciwon a ƙasar nan hawan jini ne da aka yi sakaci dashi ya kai su.

Ni dai a ganina in kumburi ya sauka kuma likita yace ciwon ya lafa, yaya ya fi kusa da daidai, sai dai a ba Mama birki ta riƙe. A sayo sikeli, kullum da safe bayan ya yi fitsari kafin ya karya ya hau ta rubuta a littafi, in nauyi ya ƙaru da sama da kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne yake taruwa, ranar babu fita sai kiran likita. Ranar komawa asibiti kuma ku tafi da su biyun, Mama da yaya, ku tambayi likitan a gabansu ko ciwon ya lafa, minti nawa zai fara dasu, ruwa nawa aka yarda ya sha a rana, kuma ko zai tura ku wajen masu fiziyo su gwada shi da tafiyar minti 6 kafin ku fara a gida.